Ni da Talotalon Kafil

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zan manta safiyar Juma'ar da na fita farautar talotalo a ƙasar Katar. Amma kafin mu kai can, bari in faɗa muku abin da na sauko da shi daga jirgi banda jakata da goyona. Tsoro ne. Ba na zafin da ake ta ba mu labari ba, ba kuma na Larabcin da ba na ji ba. Tsorona ɗaya, kada in zama ni ce sanadin da za a sallami mijina daga aiki.

Baban Ummi direba ne a wata gona can bayan Al Rayyan, inda gine-gine suke ƙarewa rairayi ya karɓa. Shi ke kai ƙwai da ganye da madara gidan mai gonar a Ain Khaled kullum da sassafe. Shekara huɗu ya yi yana wannan aikin kafin ya sami fuskar roƙon kafil ɗinsa, wato mai gonar da ya ɗauko shi daga gida, ya yarda a kawo ni. Duk gonar ni kaɗai ce mace. Aka ba mu ɗaki ɗaya da ɗan kicin kusa da rumbun abincin dabbobi. Tun a mota, muna baro filin jirgi, ya ce mini, "Maman Ummi, nan fa ba Funtuwa ba ce. Abin da ba naki ba, ko kallonsa ki rage."

Na ce to. Ni da ko firamare ban ƙarasa ba, me zan taɓa? Wata uku na yi ina tafiya da sanɗa har a cikin ɗakina.

To, a gonar akwai wani talotalo. Ba irin fararen nan masu nauyin jiki da muka sani ba. Baƙi ne mai ƙyalli, mai dogayen ƙafafu, idan rana ta doke shi sai ka ga kamar an shafa masa man tagulla. An ce irin na daji ne, daga wata ƙasa mai nisa aka kawo shi, kuma duk baƙon da kafil ya yi sai ya kai shi gaban kejin ya nuna masa. Ma'aikata suka sa masa suna Mudir, wato manaja, saboda yadda yake tafiya yana duba aikin kowa. Idonsa ne ba na so. Ba ya kallon mutum da fuska, sai da gefe ɗaya, kuma ba ya ƙiftawa.

Wata rana da la'asar na zo wucewa da Ummi, lokacin tana da wata goma sha biyar, sai ta hango wani gashin jelarsa da ya faɗi a cikin kejin. Ta miƙa hannu, ta fara irin kukan nan nata mai tara jama'a. Na duba gabas, na duba yamma, babu kowa. Na ce ai hannu kawai zan zura. Na zare sakata, na sunkuya. Mudir bai yi gudu ba, bai yi fiffike ba. A hankali ya bi ta gefen zanina ya fita, kamar wanda ya jima yana jiran a buɗe masa ofis. Sai da ya yi nisa ya juyo ya dube ni da ido ɗaya, sannan ya buɗe fukafukai ya tashi sama. (Wallahi ban san suna tashi ba. Babu wanda ya taɓa gaya mini.)

Na mayar da sakata, na ɓoye gashin a ƙarƙashin katifa, na ja bakina na yi shiru.

Da aka bincika, Baban Ummi ne na ƙarshe da ya sauke buhun abinci a kejin ranar. Ya rantse ya rufe, ba a yarda ba. Kwana goma sha ɗaya maza suka yi suna bin tsuntsun nan, da mota, da igiya, da ihu. Duk abin da suka ƙara masa wayo ne. Ya koma can ƙarshen gonar, inda tsofaffin itatuwan dabino suke, da wani kangon ɗaki marar rufi da busasshiyar rijiya. Ko ma'aikata ba sa zuwa wurin sai su biyu. Baba Usman, dattijon da ke shugabantar su, ɗan Sudan ne amma kakanninsa Hausawa ne da suka tsaya a hanyar Makka, yana jin Hausa irin ta tsofaffi. Shi ya taɓa ce mini, "Ɗiyata, kada ki kai yarinya wajen rijiyar can. Wurin yana da masu shi." Ban tambaye shi su wa ba.

Ranar Litinin Baban Ummi ya shigo bai ko taɓa tuwonsa ba. Ya ce kafil ya yi tafiya, zai dawo Juma'a bayan masallaci, kuma ya ce in ya zo bai tarar da tsuntsunsa a keji ba, khalas. Kalmar nan ko ni na san ta. An gama ke nan.

"Ki fara haɗa kayanki a hankali," ya ce. "Abin da ke ci mini rai, na san na rufe ƙofar nan."

Na buɗe baki in faɗa, sai na ji na ce, "Ko in ɗumama maka miyar?"

Washegari na kira Anti Rifkatu, wata nas 'yar Jos da ke zaune a Mesaimeer, wadda muka saba tun ranar da ta yi wa Ummi rigakafi. Na tambaye ta yadda ake kama talotalon da ya zama na daji. Ta yi dariya har da tari. "Ƙanwata, ni allura na sani, ba farauta ba. Amma tsaya, Turawa ba abin da ba su ɗauka a bidiyo ba." Ta turo mini guda biyar. Na kalli uku, ta fassara mini abin da ban gane ba, sauran biyun na bar su saboda tsawonsu.

Abin da na koya ya ba ni mamaki, don duk akasin abin da mazan gonar suke yi ne. Ba a bin sa, shi ake sa wa ya zo. A bishiya yake kwana, sai ka nemo wadda kashinsa da gashinsa suka taru a gindinta. Ka riga shi tashi, ka je tun da sauran duhu, ka zauna ka jingina da kututturen da ya fi bayanka faɗi. Ka rufe fuska da hannu, don idonsa yana ganin ko motsin yatsa. Sannan ka yi kukan macen talotalo, kaɗan, a hankali, ka yi shiru ka jira. Wai sabon shiga yawan kira ne ke kashe masa farauta. Su Turawan wani ɗan akwatin katako suke gogawa ya ba da kukan. Ni na gwada duk kayan kicin ɗina, na gano idan na goga bayan cokali a gindin farantin tangaran yana cewa kyok, kyok, kyok, kusan daidai.

Bindiga kam babu, kuma ai da ransa ake son sa. Sai na tuna yadda yayyena suke kama kurciya muna yara: kwando, ɗan sanda, doguwar igiya, da hatsi a ƙasa. Na samo babban kwandon roba na tumatir. (Daga baya na auna da ido, ko rabin Mudir ba zai shiga ba. A lokacin ban yi wannan tunanin ba.) Kayan ɓuya kuwa, na yanko koriyar ragar nan da ake yi wa shuka inuwa da ita, na sossoke mata ganyen dabino, na lulluɓa tun daga ka har ƙasa, ni da goyona. Ummi ba ta da wanda zan bar wa, dole da ita za a yi.

Lokacin sanyi ne. Baban Ummi yana fita sallar asuba, daga can yake wucewa lodin mota, sai azahar nake ganinsa. Yana fita ranar Laraba na yi tawa sallar, na goya Ummi, na fita.

Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai a wurin nan. A gida ko a daji kake za ka ji zakara, ko jaki, ko wata tana daka. Nan babu. Wani farin hazo mai laima ya sauka, irin wanda ke tasowa daga teku, yana jiƙa gira, ba ka ganin abin da ya wuce taku biyar. Itatuwan dabinon suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar mutanen da suka tsaya sahu suka ƙi gaisawa. Na sami bishiyar da na yi wa alama da rana, wata tsohuwar magarya kusa da kangon. Na kafa kwandona, na jingina da dabino, na goga cokali. Shiru. Can sai ƙasa ta fara huci ta kowane gefe, sssss, kamar macizai ɗari sun farka tare. Na ƙame. Sai da ruwa ya jiƙa mini zani na gane bututan ban-ruwa ne da ke kunna kansu. Ranar ban ga Mudir ba, amma da gari ya waye na ga sawunsa a bayan bishiyar da na jingina da ita. Ya zagaye ni sau ɗaya ya tafi.

Ranar Alhamis na goga cokali sau uku, sai aka amsa mini. Kyok, kyok, kyok, kyok. Daga wajen rijiyar. Ba kukan namiji ba ne, irin nawa ne sak, har da ɗan karcewar da cokalina yake yi a ƙarshe. Kuma babu macen talotalo ko ɗaya a gonar. Anti Rifkatu ta ce bangon kangon ne ya dawo mini da sautin. Wataƙila. Ni dai na san sau uku na goga, sau huɗu aka amsa. Na tattara na dawo gida ina karanta duk abin da na haddace a Islamiyya, na rantse ba zan koma ba.

Da daddare na ga Baban Ummi yana ninke rigunansa yana sawa a jaka. Sai rantsuwar ta warware da kanta.

Juma'a hazon ya fi na kullum. Ummi ta tashi da rigima, da ƙyar na goya ta, na yi ta jijjiga har ta lafa. Na ɗauki faranti, cokali, igiya, na lulluɓa raga, na zura silifas ɗin da na fara samu a bakin ƙofa. Na isa, na zauna, na yi bisimilla, na goga sau biyu kawai. Na jira. Bututan ruwa suka yi hucinsu suka gama. Hazon ya fara yin fari-fari. A saman magaryar na hango wani baƙin dunƙule, ya miƙo dogon wuya. Shi ne. Na riƙe igiya, na hana kaina ko haɗiyar yawu.

Sai wani ya yi numfashi a bayana.

Ba Ummi ba ce, na san numfashin 'yata. Wannan na babban mutum ne, namiji, wanda ya yi tafiya ya gaji. Bayana kuwa a manne yake da kututture, babu inda mutum zai tsaya. Na ce kunnena ne. Sai aka yi raɗa, dab da ƙeyata, a hankali, da Turanci. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma wannan kam na ji shi tsaf.

Cewa aka yi, "Kada ki motsa. Yana nan dab da ke."

(Na san za ku ce me ya haɗa aljanin Katar da Turanci. Ni ma na tambayi kaina a lokacin, na kuma ba kaina amsa: a Doha kowa da Turanci yake neman abinci, su ma ai sai sun koya.)

Ban motsa ba. Ko an ce in motsa ba zan iya ba. Hawaye kawai ke bin ragar. Na juya ido hagu, hazo. Dama, hazo. Muryar ta sake cewa wani abu, ta yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi kashe ni, Ummi ma ta yi dariya. Wato tana ganinsa. Na tuna maganar Baba Usman, na tuna ni na kawo yarinyar nan wurin da aka ce kada in kawo ta, saboda ƙaryar da na kasa warwarewa. A raina na ce shi ke nan, masu wurin sun zo karɓar hakkin bawan Allahn da na bari yana rantsuwa a banza.

Sai wani ƙaton kukan talotalo ya fashe daga tsakiyar bayana. Gulu-gulu-gulu-gulu! Har cikin haƙarƙarina na ji shi. Kafin ya rufe baki, na kan magaryar ya mayar masa da wanda ya fi shi, ya diro ƙasa dim, ya baje jela, kansa ya koma ja wur, ya nufo ni kai tsaye.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi watsi da faranti, na zura da gudu, ganyen dabino na kaɗawa, muryar tana biye da ni tana haki a ƙeyata, Mudir yana saran ragar ta baya. Haske ɗaya na hango a cikin hazon, na nufe shi ina ihu iya ƙarfina: "Ni ce! Ni ce na buɗe! Wallahi ni ce, ku bar mini 'yata!"

Hasken nan wutar gawayi ce a ƙofar ɗan masallacin gonar. Ashe kafil bai jira bayan Juma'a ba, daga filin jirgi ya wuto da asuba shi da 'yan'uwansa uku. An shimfiɗa musu darduma, suna shan gahawa, ma'aikata na tsaye a gefe, Baban Ummi a tsakiya kansa a ƙasa ana yi masa tambayoyi. Su kuma abin da suka gani, wani koren abu mai ƙusumbi, marar fuska, ya ɓullo daga wajen rijiya yana kururuwa da murya biyu, baƙin tsuntsu na bin sa. Butar gahawa ta kife. Wani mai farar jallabiya ya haye bayan mota. Ɗaya ya ɗaga hannu yana jan ayatul kursiyyu da ƙarfi yana ja da baya. Igiyar kwandon da har lokacin take naɗe a hannuna ta harɗe mini ƙafa, na zube a gwiwa a gefen dardumar.

Baba Usman ne kaɗai bai gudu ba. Ya warware rawaninsa ya jefa wa Mudir a ka, ya danne shi da ƙirji.

Aka yi tsit. A cikin shirun nan na ji muryar mijina, a sanyaye.

"Wannan ai silifas ɗina ne."

Ya matso, ya ɗaga ragar da yatsa biyu. Muka haɗa ido. Daidai nan aljanin ya sake magana daga bayana, wannan karon da fara'a, har da kiɗa. Baban Ummi ya zura hannu cikin goyon, ya zaro wayata daga hannun Ummi, jiƙe da yawu. A fuskar wayar ga wani Bature mai gemu cikin kayan ganye yana ɗaga babban yatsa. Ni na ba ta wayar da hannuna lokacin da take rigima ina ɗaura zani, na manta. Ita kuma ta danno ɗaya daga cikin biyun da ban kalla ba. Ashe Baturen abokin farautarsa yake yi wa raɗa. Kukan da ya fashe a bayana kuwa, shi ya sauko da Mudir, ya zaci wani namijin ne ya shigo masa gona.

Kafil ya dawo kan dardumarsa yana gyara ƙyallen kansa. Ya dubi tsuntsun, ya dube ni, ya tambayi Baba Usman wani abu da Larabci. Baban Ummi ya faɗa mini daga baya, cewa ya yi, me take ta ihu tana faɗa?

Na dubi mijina. Mu uku ne muka san abin da na faɗa, ni da shi da Baba Usman. In aka fassara shi daidai, matar da aka yi alfarma aka kawo ita ta saki tsuntsun, ta kuma yi shiru kwana goma sha biyar. Baba Usman ya gyara riƙon Mudir, bai ko dube ni ba, ya ce, "Cewa take, ita ce."

Kafil ya ce ai kowa ya ga ita ce. Sai ya fashe da dariya, har yana dukan cinya, yana nuna ɗan'uwansa da ke saukowa daga bayan mota. Ya ce maza goma da mota sun kasa, mace da goyo ta kawo shi har gaban darduma. Ya dubi Baban Ummi ya ce yalla, wato maza, a mayar da tsuntsun keji, a sa kwaɗo. Maganar sallama ba a sake tayar da ita ba.

A ɗaki ne na biya. Baban Ummi bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna bakin katifa yana fitar da rigunansa daga jaka ɗaya bayan ɗaya.

"Maman Ummi."

"Na'am."

"Har azumi na yi niyyar yi, na zaci ƙwaƙwalwata ce ta fara taɓuwa. Kina kallona."

"Na ji tsoro ne, Baban Ummi. Ka yafe mini."

"Ni kika ji tsoro, amma kika iya zuwa rijiyar can ke kaɗai har kwana uku?" Ya girgiza kai. Can ya ce, "Kuma a ce aljani ne ya fara jin gaskiya kafin ni."

Sai da ya kwana biyu yana amsa mini magana da kalma ɗaya, sannan ya sauko. Da yamma na dafa wa Baba Usman dambu na kai masa. Ya karɓa ya ce, "Ɗiyata, ban yi ƙarya ba, ban kuma ƙarasa ba. Kada ki sake sa ni a wannan tsakiyar." Ban sake ba. Abin da na koya, gaskiyar da za a faɗa cikin ɗaki da murya ƙasa, in aka riƙe ta, a gaban baƙi za ta fito, da ihu, mutum yana sanye da ragar inuwar shuka.

Saura abu ɗaya. Wanda ya haye bayan motar nan, ashe bai saki wayarsa ba, ya ɗauki komai. Bidiyon ya zaga direbobin Doha, har wani mai gadi ɗan Katsina ya tare Baban Ummi a kasuwa yana tambayarsa lafiyar aljanar gidansa. Yanzu an ce ya tsallaka gida. Mahaifiyata tana da hawan jini, kuma a saninta ina nan cikin sanyin na'ura ina shan shayi. Don Allah, in wani koren abu mai ganyen dabino ya iso wayarku yana gudu a cikin hazo, ku yi dariyarku ku goge. Kada ku tura Funtuwa.